Namun Daji Masu Ɓarna da Haƙƙin Farauta a Gonakin Jama'a

1.0 Gabatarwa

Farauta tana cikin sana'o'in da Bahaushe ya gada tun kaka da kakanni, kuma tarihin kafuwar garuruwa da dama a ƙasar Hausa yakan fara ne da labarin wani maharbi da ya ya da zango a gindin wata bishiya. Duk da wannan matsayi nata, farauta ba ta taɓa rabuwa da jayayya ba, domin dabbar da ake bi ba ta san iyakar gona ba. Tana iya kwana a saurar wani, ta yi ɓarna a garkar wani, a kuma kashe ta a fadamar wani. A nan ne tambaya take tasowa: wane ne yake da ikon bin ta, kuma wane ne yake da ikon hana a shiga masa gona?

A wannan babi za a yi bayanin yadda al'adar Bahaushe da shari'ar Musulunci da dokokin ƙasa suka amsa wannan tambaya. An ɗauki Janfalan ta ƙaramar hukumar Ikara, da maƙwabtanta na ƙasar Maƙarfi da Kudan, a matsayin misali. Daga nan za a kwatanta da halin da manoman Amurka suka shiga a sanadiyyar yawaitar aladun daji, domin a ga abin da za a iya koya.

2.0 Aladen Daji da Ire-irensa

Idan aka ce aladen daji, ana iya nufin ɗayan dabbobi uku.

Na farko shi ne gyado, wanda Bahaushe yake yi wa laƙabi da mugun dawa. Shi ne aladen da aka sani a dazuzzukan ƙasar Hausa. Yana da ƙaton kai mai ƙulu-ƙulu a fuska, da haure biyu masu lanƙwasa sama. Da rana yake kiwo, yakan kuma durƙusa a kan gwiwoyinsa na gaba yana cin ciyawa ko yana tonon saiwa. Da dare sai ya shige rami, galibi wanda dabgi ya haƙa ya bari, kuma da baya yake shiga domin haurensa ya fuskanci bakin ramin. Macen takan ɗauki ciki na wata biyar zuwa shida, ta haihu sau ɗaya a shekara, 'ya'ya biyu zuwa huɗu a mafi yawan lokuta.

Na biyu shi ne aladen kurmi mai jan gashi, wanda ya fi zama a ƙasashe masu duhuwa da yawan ruwa. Shi da dare yake fita, kuma ya fi gyado ɓarna a gonakin rogo da doya.

Na uku shi ne aladen gida da ya kuɓuce wa masu shi, ya shiga daji ya hayayyafa, har jikokinsa suka manta da mutum. Wannan shi ne mafi haɗari ga manomi saboda saurin haihuwarsa. Cikinsa kwana 114 ne kacal, wato wata uku da mako uku da kwana uku. Macen tana iya fara haihuwa tun ba ta cika shekara ba, tana kuma iya haihuwa sau biyu a shekara, kowace haihuwa da 'ya'ya biyar ko shida ko fiye.

Dukkansu ukun hanyar ɓarnarsu ɗaya ce. Da hanci suke tono, saboda haka abin da suke lalatawa ya fi abin da suke ci. Garke guda yana iya birkice kunyoyin dankali ko gyaɗa a dare ɗaya, ya bar gona kamar an yi mata kaftu.

3.0 Yanayin Noma a Yankin Janfalan

Ƙananan hukumomin Ikara da Maƙarfi da Kudan suna arewacin jihar Kaduna, a ƙasar Zazzau, kusa da iyakar jihar Kano. Da damina ana noma masara da dawa da shinkafa da waken suya da gyaɗa da barkono a tudu. A fadamu kuwa rake ne sarki, kuma ƙasar Maƙarfi da Kudan sun yi suna wajen nomansa da dafa mazarƙwaila. Haka kuma ana noman tumatir da albasa da dankali da sauran kayan lambu, ana kai su manyan kasuwanni.

Abin lura a nan shi ne, a wannan yanki jama'a sun yi yawa, noma ya cinye mafi yawan dajin da ake da shi a da. Saboda haka manyan namun daji sun ƙaura ko sun ƙare. A yau wanda yake son ganin gyado sai ya nufi gandun daji irin na Yankari a jihar Bauchi, inda suke yawo har cikin masaukin baƙi na Wikki, ko manyan dazuzzuka irin na Kamuku a ƙasar Birnin Gwari da Falgore a kudancin jihar Kano. Manoman da gonakinsu suke bakin irin waɗannan dazuzzuka su ne har yanzu suke fama da gyado da gwaggon biri. Shi kuwa manomin Janfalan abokan gabarsa sun koma ƙanana: gafiya da kurege da ɓera da zomo da tsuntsaye, da jan biri a inda aka sami sauran kurmi ko dutse. Ƙanƙantarsu ba ta rage musu ɓarna ba. Kurege yakan bi shuka yana tone iri, gafiya ta shiga rogo da gyaɗa, ɓera ya ƙwaƙule gindin rake.

Manomi yana da dabarunsa na kariya tun asali. Yakan kewaye garka da shingen ƙaya ko na aguwa ko bini-da-zugu, ya kafa mutum-mutumi, ya rataya gwangwanaye, ya sa yara tsaro da majajjawa, ya ɗana tarko. Idan ɓarna ta fi ƙarfin waɗannan, sai a nemi maharbi.

4.0 Ƙa'idojin Farauta na Gargajiya

Hausawa sun raba farauta gida biyu. Akwai harbi, wanda sana'a ce ta mutum ɗaya ko 'yan kaɗan, masu amfani da baka da kibiya mai dafin kwankwani, ko bindiga adaka. Shugabansu shi ne Sarkin Baka. Akwai kuma farautar gayya, wadda samarin garuruwa da yawa suke haɗuwa su fita da karnuka da sanduna da gatura da barandami, ana kiɗa ana kirari.

A tsarin gargajiya, haƙƙin mutum a kan gonarsa yana tafiya ne da lokaci. Daga shuka zuwa girbi gona ta mai ita ce shi kaɗai, ba mai ratsa ta da dabba ko kare sai da izininsa. Da zarar an kawar da amfani, sai ta zama kamar fili na kowa: makiyayi ya shigo da shanu su ci kara su bar taki, mata su tsinci itace, mafarauta su bi zomo. Mai gona bai rasa mallakarsa ba, amma al'ada ba ta ba shi damar korar mai wucewa a wannan lokaci ba. Wannan ne dalilin da ya sa farautar gayya ta zama aikin rani.

Daga cikin ƙa'idojin da aka san farauta da su akwai waɗannan:

(a) Ba a fita farautar gayya sai shugaban mafarauta ya sa rana, ya faɗi dajin da za a shiga, da sanin dagaci ko hakimi.

(b) Ba a shiga garka ko wani wuri mai shinge, domin shinge alama ce ta cewa akwai amfani a ciki.

(c) Dabba ta wanda ya fara jifa ko sara ce, ko wanda karensa ya fara kamawa, ko da wani ne ya ƙarasa ta. Wannan ƙa'ida ita ce ta fi jawo rigima, domin a cikin ƙura da gudu kowa yana iya cewa shi ne na farko. Bahaushe dai ya ce kowa ya ci zomo ya ci gudu.

(d) Idan maharbi ya kashe babban nama, yakan kai wa sarkin garin da aka yi harbin a ƙasarsa wani kaso, don girmamawa da kuma shaida cewa da saninsa aka shiga.

Shari'ar Musulunci ta zo ta ƙarfafa yawancin waɗannan. A fiƙihun Malikiyya naman daji ba shi da mai shi sai an kama shi, kuma littafin Risala na Ibn Abi Zaid ya bambanta farautar buƙata, wadda halal ce, da farautar wasa, wadda makaruhi ce. Alade kuwa haramun ne ga Musulmi ya ci, amma ba a hana shi kare gonarsa daga gare shi ba. Wannan haramci yana da tasiri a fili: dabbar da mafi yawan jama'a ba sa ci ba ta da masu nemanta da yawa, don haka a wasu wuraren manomi Musulmi yakan kira maharba Maguzawa ko wasu da addininsu bai hana su ba, su rabu da shi da ɓarna, su kuma su tafi da nama.

5.0 Canje-canjen Zamani

Tsohon tsarin ya ginu ne a kan zaton cewa da rani gonaki fanko suke. A yankin Ikara da Maƙarfi da Kudan wannan zato ya daina aiki. Rake yakan kai tsakiyar rani a tsaye ana sara a hankali, rogo yana ƙasa, kuma samuwar injin ban ruwa ta sa tumatir da albasa sun mamaye bakin kowane rafi. Wuraren nan masu danshi da duhuwa su ne kuma maɓoyar sauran dabbobin da suka rage. Ke nan inda nama yake, nan amfanin gona yake.

Daga nan matsaloli uku suka taso. Ta farko ita ce tattake shuka, domin ayarin mutane da karnuka idan ya biyo zomo ba ya tsayawa neman hanya. Ta biyu ita ce gobara. Masu neman gafiya da ɓera sukan cinna wa ciyawa wuta ko su tura hayaƙi a rami, iskar hunturu ta kwashi wutar ta kai ta gonar rake mai busasshen ganye, wahalar shekara guda ta tafi cikin sa'a ɗaya. Ta uku ita ce baƙunta. A da mafarauta 'yan gari ne, mai gona ya san ubannin su. Yanzu ayari yakan zo da mota daga nesa, ba wanda ya san su, su ma ba su san mai unguwa ba, ga shi kuma zamani ne na rashin tsaro da kowa yake tsoron baƙo mai makami. Ƙarancin nama a gida ya sa wasu mafarautan Arewa suna tafiya har kudancin ƙasa, kuma kisan da aka yi wa mafarauta 16 a garin Uromi na jihar Edo a watan Maris na 2025, a kan hanyarsu ta komawa Kano, ya nuna irin haɗarin da ke tattare da wannan tafiya.

6.0 Matsayin Dokokin Ƙasa

Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta danƙa dukkan ƙasar kowace jiha a hannun gwamna bisa amana, ta kuma bai wa ƙananan hukumomi ikon ba da haƙƙin zama na gargajiya a karkara. Ma'anar wannan ita ce manomi yana riƙe da haƙƙin amfani da gonarsa, kuma doka tana kare wannan haƙƙi. Kundin hukunta laifuffuka na Arewa, wanda ya fara aiki a 1960, ya ɗauki kutse cikin abin da ke hannun wani da niyyar laifi ko tsoratarwa a matsayin laifi, haka nan lalata dukiya da sa wuta. Jihar Kaduna ta sabunta nata kundin a 2017.

Ta fuskar dabbobi kuwa, Dokar Namun Daji ta 1963 ta Jihar Arewa ta kasa su rukuni-rukuni, ta hana taɓa wasu, ta kuma sa sharaɗin lasin a kan wasu. Doka mai lamba 11 ta 1985 ta ƙara tsaurara kariya ga dabbobin da ake tsoron ƙarewarsu. An haramta farauta a gandayen daji na ƙasa, irin su Kamuku da aka ɗaga zuwa wannan matsayi a 1999. Bugu da ƙari, Dokar Makamai ta 1959 ta wajabta lasin ko da a kan adaka.

Idan aka haɗa waɗannan, za a ga gona tana da mai ita, dabba kuwa tana ƙarƙashin kulawar hukuma. Lasin farauta ba ya buɗe wa mutum gonar wani, mallakar gona kuma ba ta halatta wa mai ita kashe dabbar da doka ta kare.

7.0 Misali Daga Amurka

Asalin nahiyar Amurka ba ta da alade. Turawan Sifaniya ne suka kai shi, ciki har da ayarin Hernando de Soto da ya sauka a Fulorida a 1539. Manoma suka riƙa sakinsa yana kiwon kansa, wasu suka ɓace a daji. Daga baya masu sha'awar harbi suka shigo da aladen dajin Turai, jinsunan biyu suka cakuɗa. Ma'aikatar gona ta ƙasar ta ƙiyasta yawansu da fiye da miliyan 6 a jihohi 35 ko fiye, kuma tsohon ƙiyasin asarar da suke jawowa shi ne dala biliyan 1.5 a shekara. A 2014 gwamnatin tarayya ta kafa shiri na musamman don yaƙi da su.

Jihar Teksas ce ta fi kowace yawansu, kuma a can kusan kashi 95 cikin 100 na ƙasa mallakar ɗaiɗaikun mutane ne, ba mai shiga sai da izinin mai wuri. Jihar ta sassauta doka iyakar sassautawa. A 2011 ta yarda maharba su biya kuɗi a ɗauke su a jirgi mai saukar ungulu su yi harbi, a 2019 kuma ta cire sharaɗin lasin ga mai farautar aladen daji a filin wani, muddin mai filin ya amince. Duk da haka aladun ba su ƙare ba, saboda dalilai uku.

Na farko, lissafin masana ya nuna sai an kawar da kimanin kashi biyu cikin uku na aladun a kowace shekara kafin yawansu ya tsaya wuri ɗaya, kuma harbin ɗaiɗai ba ya kaiwa nan. Na biyu, alade yana da wayo. Idan aka harbi ɗaya, sauran garken sai su watse, su koma fitar dare, su tsallaka filin maƙwabcin da bai yarda a shiga ba. Na uku, farautar ta zama kasuwa. Mai filin da maharba suke biyansa kuɗin shiga ba ya son aladun su ƙare, har an sami masu ɗaukarsu a mota suna sakinsu a sababbin wurare. An gudu gara an faɗa gidan zago ke nan. Saboda haka ne jihar Mizuri ta bi wata hanya dabam: a 2016 ta hana jama'a farautar aladun a filayen hukumar kula da namun daji, ta bar aikin ga ma'aikata masu kama garke sukutum da babban tarko mai kama da shinge.

8.0 Abubuwan Koyi

Halin da ake ciki a Janfalan da na Teksas sun sha bamban, domin can dabba ce ta yi yawa, nan kuwa daji ne ya ƙare. Amma tushen matsalar ɗaya ne: gona ta mutum ɗaya ce, dabba ba ta kowa ba ce, ɓarna kuma tana shafar kowa. Daga wannan za a iya fitar da darussa huɗu.

(a) Maganin dabba mai ɓarna aikin gayya ne. Idan manomi ɗaya ya kore ta, gonar maƙwabcinsa ya tura ta. Masu gonaki a fadama ɗaya su ne ya kamata su haɗu su sa rana, su gayyaci maharban da suka amince da su. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

(b) Neman izini bai rage wa mafarauci komai ba. Tsohuwar al'adar sanar da dagaci da Sarkin Baka kafin a shiga ƙasar wani gari ita ce mafi sauƙin kariya ga baƙon mafarauci da mai gona baki ɗaya.

(c) Dole a sake duban ma'anar buɗewar gona da rani. Inda rake ko kayan lambu suke tsaye, hukuncinsu na damina ne, ko da shinge ko babu, kuma bai kamata wuta ta shiga cikin kayan farauta ba.

(d) A kula da dabbar gida tun ba ta zama ta daji ba. Ana kiwon alade sosai a kudancin jihar Kaduna, inda kasuwar aladu ta Kafanchan ta shahara, kuma ana samun masu kiwonsa jefi-jefi a wasu ƙauyukan arewacin jihar. Matsalar Amurka daga sakin kiwo ta faro. Fiƙihun Malikiyya ya ɗora wa mai dabba biyan abin da ta ɓata da dare, kuma wannan hukunci ne da ya dace da kowace irin dabba ta gida.

9.0 Kammalawa

A wannan babi an yi bayanin ire-iren aladen daji da yadda suke ɓarna, an kuma nuna cewa al'adar Bahaushe ta daidaita tsakanin manomi da mafarauci ta hanyar raba musu lokaci, damina ta manomi, rani na kowa. Noman rake da na rani a ƙasashen Ikara da Maƙarfi da Kudan ya rushe wannan rabo, don haka ake buƙatar sabon daidaito da zai haɗa sarakunan gargajiya da shugabannin mafarauta da ƙananan hukumomi. Misalin Amurka ya nuna cewa yawan masu bindiga ba ya kawar da dabba mai saurin haihuwa idan masu filaye ba su haɗa kai ba. Ana sa ran ɗalibi, wanda gobe zai zama malami a ɗaya daga cikin irin waɗannan ƙauyuka, zai iya bayyana wa ɗalibansa haƙƙin kowane ɓangare.

Tambayoyin Bita

1. Kawo bambanci uku tsakanin gyado da aladen gida da ya koma daji.

2. Yi bayanin yadda haƙƙin manomi a kan gonarsa yake canzawa tsakanin damina da rani a al'adar Bahaushe.

3. Ta yaya noman rake da noman rani suka shafi farautar gayya a yankin Janfalan?

4. Me ya sa sassauta dokar farauta a jihar Teksas bai kawar da aladun daji ba?

5. Tuntuɓi wani dattijon maharbi a garinku, ka rubuto ƙa'idoji biyar da ake bi wajen farauta a da, ka nuna waɗanda har yanzu ake kiyayewa.